ZAƁEN ITACE DA KAFA SHINGEN BAYAN GIDA MAI ƘARKO

Gabatarwa

A Gadaka da ke ƙaramar hukumar Fika, kudu da Potiskum a Jihar Yobe, da wuya ka shiga gidan manomi ka rasa ɗan fili a bayan gida. A nan ake shuka kuɓewa da yakuwa da zogale, a nan ake dasa mangwaro ko gwaiba, a nan kuma ake turke ragon kiwo da tara harawa. Da zarar an kawar da amfanin gona a kaka, sai a saki awaki da tumaki su yi yawo cikin gari. Daga lokacin, shinge kaɗai ke raba wahalarka da bakin akuya. Dashen da ka shekara biyu kana yi wa ban ruwa, akuya ɗaya na iya gamawa da shi cikin hantsi guda, ɓarnar kuma ta haifar da saɓani tsakaninka da maƙwabcin da kuka daɗe kuna zaman lafiya.

Mafi yawan manoma suna sake danga kowace shekara. Kowace sakewa kuwa kuɗi ne da ƙarfi, da kuma sababbin itatuwan da za a saro daga dajin da kullum ƙara nisa yake yi. Wannan ƙasida za ta nuna maka yadda za ka zaɓi itace, ka shirya shi, ka kafa shingen da zai yi shekaru yana tsaye. Babban abin da ake so ka riƙe shi ne: shinge daga gindi yake mutuwa. Idan ka kyautata wa gindin dirka, sauran aikin mai sauƙi ne.

Abubuwan da ke kashe shinge

Ka duba duk wata dirka da ta faɗi. Za ka tarar samanta lafiya lau, ƙarshenta na can cikin rami ma sau da yawa da sauran ƙarfinsa, amma ta karye daidai inda ta haɗu da fuskar ƙasa. Dalili shi ne a wannan wuri danshi da iska suke haɗuwa, su ne kuwa abin da ruɓa ke bukata. Wurin da ya fi haɗari ya kama daga kimanin santimita 15 a saman ƙasa zuwa santimita 30 a ƙarƙashinta. Abokan gaban shinge su ne:

1. Gara. Daga ƙasa take fitowa, ta gina wa kanta rufin laka a jikin itace, ta cinye cikinsa ta bar maka ɓawo. Ta fi son itace mai taushi da wanda aka kafa da ɓawonsa.

2. Ruɓa. Busasshen itace ba ya ruɓewa. Daminar wannan yanki, daga Yuni zuwa Satumba, gajera ce, amma ta isa ta jiƙa gindin dirka, musamman inda ruwa ke kwanciya ko inda ake zubar da ruwan wanke-wanke.

3. Ƙwarin da ke huda itace. Alamarsu ƙananan huda ne da gari mai laushi da ke zubowa. Farin itacen gefe suka fi ci.

4. Iskar hadari. Guguwar farkon damina, a watannin Mayu da Yuni, ita ke kayar da dirkar da ba a zurfafa raminta ba.

5. Dabbobi da wuta. Shanu suna soshe jiki da dirka, awaki suna ɗafewa da ƙafafun gaba, busasshiyar ciyawa kuma tana jawo gobara a lokacin hunturu.

Zaɓen itace

Idan ka yanke gungumen itace ka dubi bakinsa, za ka ga kashi biyu: tsakiya mai duhu, wadda ake kira zuciyar itace, da kuma farin gefe da ke kewaye da ita. Ƙarkon itace a zuciyar yake, domin a nan bishiya ke tara sinadaran da gara da ruɓa ba sa so. Farin gefe kuwa, ko na wace bishiya ne, ba ya jure zaman ƙasa idan ba a sa masa magani ba. Saboda haka kada sunan bishiya kaɗai ya ruɗe ka. Siririyar sandar da aka sara tana ƙarama kusan dukkanta fari ce, ko da ta ƙirya ce. Ka zaɓi dirkar da zuciyarta ta kai aƙalla kashi biyu cikin uku na faɗin bakinta.

Ana iya kasa itatuwan da aka sani a wannan yanki gida uku.

Kashi na farko, masu ƙarko tun asali. Ƙirya ita ce kan gaba: itacenta nauyi gare shi da tauri, shi ya sa ake sassaƙa turmi da shi, maƙera kuma suke neman gawayinsa. Sai bagaruwa, da marke, da kanya. Haka nan azarar giginya, wadda ta riƙe soraye shekaru aru-aru a ƙasar Hausa. Baƙin gefenta mai tauri shi ne abin nema, ba farin cikinta mai laushi ba. Matsalar wannan kashi ita ce yawancinsu jinkirin girma gare su, kuma sun yi ƙaranci a daji.

Kashi na biyu, waɗanda ake shukawa, masu saurin girma. Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, shi ne mafi dacewa da manomin Yobe. An shigo da shi lardin Borno a 1928, yanzu kuwa babu garin da babu shi. Zuciyar babban dogon yaro tana da ƙarko, gara ba ta cika son ta ba, kuma idan aka sare shi yana sake tohowa da sanduna miƙaƙƙu. Turare, wanda ake kira zaiti, yana ba da sanduna dogaye, amma ƙananansa fari ne ya fi yawa, don haka tilas a sa musu magani. Alherinsa shi ne farin nasa yana shan magani sosai. Kasiya ma tana cikin wannan kashi.

Kashi na uku, waɗanda ba su dace da dirka ba. Kuka da rimi da ɓaure da cediya itacensu taushi gare shi, ba ya daɗewa a ƙasa. Gawo ma ba shi da ƙarko, kuma amfaninsa a tsaye cikin gona, wajen ƙara wa ƙasa taki da ciyar da dabbobi a rani, ya fi na dirka nesa ba kusa ba. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya bishiyoyin abinci ne, sare su domin shinge asara ce. Madobiya kuwa an yi mata saran wuce gona da iri domin kai wa ƙasashen waje, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido kan cinikinsu tun daga Janairun 2017. Ka bar ta ta farfaɗo.

Shawarar da ta fi dacewa ita ce ka nemi itacen kashi na farko domin dirkokin kusurwa da na ƙofa kaɗai, waɗanda ba su wuce shida ba, sauran kuma ka yi da dogon yaro ko turare mai magani. Kafin ka sari bishiya a daji, ka nemi izinin jami'in gandun daji na ƙaramar hukumarka. Idan saye za ka yi a kasuwa, ka ɗaga sandar ka ji nauyinta, ka dubi bakinta, ka ƙwanƙwasa ta da ƙota. Wadda ta yi ƙarar holoƙo, ko take zubar da gari, ko ta tsage har tsakiya, ka bar ta ko da an sauke maka farashi. Araha ba ta ado.

Girman dirka da lissafin kaya

Shingen da zai hana awaki da tumaki ya isa idan ya kai mita 1.5 a sama. Idan ana son sutura ga iyali, sai a kai shi mita 1.8. Dirkar layi ta kasance mai tsawon mita 2.4 da kaurin santimita 8 zuwa 10, a binne santimita 60. Dirkar kusurwa da ta ƙofa ta kai kaurin santimita 15, a binne santimita 75 zuwa 90, saboda haka tsawonta ya kai mita 2.7. A ƙasa mai rairayi, wato jigawa, ka ƙara zurfin ramin da santimita 15, ka kuma ƙara tsawon dirkar daidai da haka.

Ga misali. A ce filin bayan gidanka faɗinsa mita 10 ne, tsawonsa mita 12, kuma katangar gida ta tare gefe ɗaya na faɗin. Abin da za ka shinge shi ne 12 da 10 da 12, wato mita 34. Idan ka ba da tazarar mita 2 tsakanin dirkoki, kana bukatar dirka 18, sai ƙarin guda domin ƙofa, jimla 19. Daga ciki 6 manya ne: biyu na kusurwa, biyu na jikin katanga, biyu na ƙofa. Sauran 13 na layi ne. Sandunan gicciye, wato tanka, layi uku za a yi, kimanin mita 100 ke nan. Ka tanadi mita 110 saboda rara da haɗi. Idan da filayen katako masu faɗin santimita 10 za ka rufe, kana barin tazarar santimita 5, to kowace mita 1.5 za ta ci guda 10, wato guda 220 ga mita 33 da suka rage bayan an cire ƙofa.

Idan katakon kasuwa za ka yi tanka da shi, ka tuna 'yan katako a tsawon ƙafa 12 suke sayarwa, wato kimanin mita 3.6. Sai ka mayar da tazarar dirkoki ƙafa 6, wato mita 1.8, yadda katako ɗaya zai haɗe dirka uku ba tare da an yi asarar guntu ba.

Sauran kayan aiki su ne dagi da diga da shebur, adda ko gizago, zarto, guduma, tef na awo, doguwar igiya, ƙusa mai inci 3 da mai inci 4, wayar ɗauri, hinji biyu ko uku, da tsakuwa. Ƙusa da waya waɗanda aka yi wa rufin tutiya sun fi jure tsatsa.

Sara da busarwa

Ka sari itacenka bayan ɗaukewar damina, daga Nuwamba zuwa Janairu. A lokacin aikin gona ya yi sauƙi, iskar hunturu kuma za ta taimaka wajen busarwa. Ka ɓare ɓawon tun itacen yana ɗanye, domin a lokacin ya fi saurin fita. Kada ka bar ko kaɗan: ɓawo yana riƙe danshi, yana ɓoye ƙwari, yana kuma hana magani shiga.

Bayan haka ka jera sandunan a inuwa, bisa duwatsu ko bulo, yadda za su ɗaga daga ƙasa da kamar santimita 30. Ka jera layi ɗaya a miƙe, na samansa a gicciye, kana barin tazara domin iska ta ratsa. Kada ka shanya su a tsakiyar rana, domin zafi mai yawa yana tsaga itace, musamman turare. Wata biyu zuwa uku sun isa ga sanduna masu irin wannan kauri. Alamar bushewa ita ce sandar ta rage nauyi, ƙananan tsaga su bayyana a bakinta, ta kuma yi ƙara tsantsan idan an buga. Ka riƙa duba duwatsun da ke ƙarƙashi kowane mako, ko gara ta fara gina hanyarta.

Kafin sa magani, ka gama duk wani yanka da huda. Ka datse kan kowace dirka a karkace domin ruwan sama ya zurare. Gindin kuwa ka bar shi a shafe, kada ka feƙe shi, domin dirka mai tsini tana nutsewa idan ƙasa ta jiƙa.

Sa wa gindin dirka magani

Wannan shi ne matakin da manoma suka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi kowanne tasiri. Rigakafi ya fi magani. Hanyoyin da ake bi su ne:

1. Jiƙo. Ita ce hanya mafi inganci da manomi zai iya yi a gida. Ka sami durom mai cin lita 200, ka buɗe samansa, ka tsayar da busassun dirkoki a ciki gindinsu na ƙasa, ka zuba maganin katako irin mai mai, kamar kiriyosot ko Solignum, har ya kusa cika. Tsayin durom ya kusa santimita 90, saboda haka zai rufe santimita 60 da za a binne da kuma kusan 30 na sama, wato daidai wurin da ke da haɗari. Ka bar su aƙalla kwana biyu, kana ƙara magani idan ya ja baya. Ka fitar da su su tsane a kan wani mazubi, ba a ƙasa ba. Dirkokin kusurwa, da yake sun fi zurfi, ka ƙara shafa musu magani da buroshi har santimita 30 sama da inda ƙasa za ta tsaya.

2. Shafawa da buroshi. Ta fi sauƙi amma ba ta ratsa itace kamar jiƙo. Idan ita za ka yi, ka shafa sau uku, kana barin kowane shafi ya shige kafin na gaba, ka kuma cika tsaga da bakin yanka da magani. Ta fi dacewa da tanka da filayen katako waɗanda ba sa taɓa ƙasa.

3. Baƙin mai. Manoma da yawa suna shafa man injin da aka juye. Yana hana ruwa shiga itace, yana kuma rage ɓarnar gara na wani lokaci, amma bai kai maganin katako ba, kuma yana gurɓata ƙasa da ruwa. Kada ka zuba shi cikin rami, kada ka yi amfani da shi kusa da rijiya ko kwamin kayan lambu.

4. Babbaka da toka. Babbake gindin dirka da zuba toka ko ganyen dogon yaro a rami dabaru ne na gargajiya. Suna ɗan taimakawa, amma ƙarfinsu ba ya daɗewa, babbakar da ta wuce kima kuma tana tsaga itace ta buɗe wa gara hanya. Kada ka dogara da su kaɗai.

Gargaɗi: wasu har yanzu suna neman Gamalin ko aldirin ko dildirin domin gara. Waɗannan guba ne masu daɗewa a ƙasa da jikin ɗan Adam. Yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a Sitokhom a 2001 ta hana aldirin da dildirin, a 2009 kuma aka ƙara lindan, wanda shi ne sinadarin Gamalin. Ka sayi maganin da ke da lambar rajistar NAFDAC kaɗai, ka bi umarnin da ke jikin gwangwani. Ka sa safar hannu, ka rufe hanci, ka nisanta yara da dabbobi, kada kuma ka yi aikin kusa da wuta. Idan ka sami sandunan da aka yi wa magani a masana'anta, masu ɗan launin kore, suna da ƙarko ƙwarai, sai dai sau da yawa maganinsu yana ɗauke da gubar arsenik. Guntayensu, da na duk wani itace mai magani, ba a girki da su, ba a jin ɗumi da su.

Kafa shinge

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Maris zuwa Afrilu, kafin iskar hadari ta taso. Ka bi waɗannan matakai:

1. Ka fara daidaitawa da maƙwabcinka kan iyaka, a gaban mai unguwa idan da hali. Shingen da aka kafa bisa gardama, ko da na ƙirya ne, tumɓuke shi za a yi.

2. Ka share layin, ka tone kututture da saiwoyin da suka mutu, domin su ne abincin gara. Idan akwai suri kusa, ka rushe shi ka tono uwar garar.

3. Ka kafa turaku a kusurwoyi ka ja igiya. Domin kusurwa ta daidaita, ka auna mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗaya gefen. Idan tsakanin alamun biyu ya ba da mita 5 cif, kusurwar ta yi daidai.

4. Ka haƙa ramuka da dagi, faɗin kowanne kamar ninki biyu zuwa uku na kaurin dirka. Inda ƙasa ta yi tauri, kamar marmara ko busasshiyar laka, ka fara ramin kaɗan ka cika shi da ruwa ya kwana. Ka ƙara santimita 10 a kan zurfin da ake bukata, ka cike wannan ƙarin da tsakuwa domin ruwa ya tsiyaye daga gindin dirka.

5. Ka fara kafa dirkokin kusurwa da na ƙofa. Ka rataya ɗan dutse a igiya ka gwada ta ɓangare biyu domin ka tabbata dirkar ta miƙe. Sannan ka ja igiya biyu tsakaninsu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka jera sauran a kansu. Kaurin itace shi ke shiga ƙasa.

6. Ka mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan, santimita 10 a kowane zubi, kana daɓewa da sanda mai nauyi kafin ka ƙara. Zubin farko na can ƙasa da na ƙarshe na bakin rami su ne suka fi riƙe dirka. Cakuda ƙasar da tsakuwa yana ƙara ƙarfi. Kada ka cusa kara ko ciyawa ko taki a ramin. A ƙarshe ka tula ƙasa a gindin yadda ruwa zai gangara ya bar dirkar.

7. Siminti ba dole ba ne, sai ga dirkokin ƙofa ko a rairayi mai yawa. Idan za ka zuba, kada ka rufe ƙarƙashin dirkar da shi, domin zai zama kamar kasko mai tara ruwa. Ka bar gindin a kan tsakuwa, ka zuba kankare a kewaye, ka ɗaga samansa ya gangara waje.

8. Ka tokare kowace dirkar kusurwa da sanda a karkace ta ɓangarori biyu, kan sandar yana cikin ɗan gurbi a jikin dirkar, gindinta kuma yana kan faffaɗan dutse kusa da dirka ta gaba.

9. Ka ɗaura ko ka buga tanka layi uku: na ƙasa a santimita 25 daga ƙasa, na sama a santimita 20 daga kan dirka, na uku a tsakiya. Tankar ta kasance ta ɓangaren da dabbobi ke turowa, yadda idan sun tura za su danna ta ne a jikin dirka. Kada haɗin layukan uku ya faɗo a kan dirka ɗaya. Itace mai tauri kamar ƙirya da busasshen turare, ka fara huda shi kafin ka buga ƙusa, in ba haka ba ƙusar ta lanƙwashe ko itacen ya tsage.

Abin rufe shinge da ƙyaure

Idan dirkoki da tanka sun kafu, abin rufi ya danganta da ƙarfin aljihunka. Karan dawa shi ne mafi araha, sai dai shekara guda yake yi. Zanar gamba ta fi shi sutura. Tsumagun geza ko sabara da aka saƙa sun fi su duka daɗewa. Filayen katako da ragar waya sun fi tsada amma sun fi hutu. Ko wanne ka zaɓa, ka ɗaga shi daga ƙasa da santimita 5 zuwa 8, domin duk abin da ya taɓa ƙasa tsani ne ga gara. Idan kana gudun kaji da 'yan awaki, ka toshe wannan tazarar da jerin duwatsu ko ragar waya. Ka sani kuma shingen da ya toshe ruf, kamar na zana, iska ta fi ƙarfi a kansa. Irin wannan yana bukatar dirkoki kusa-kusa da rami mai zurfi. Amfanin wannan tsari shi ne ko kara ya lalace, shi kaɗai za ka sake, dirkoki suna nan.

Ƙyaure kada ya wuce faɗin mita 1, sai idan amalanke zai shiga, sai a yi shi ɓangare biyu. Ka sa masa sanda a karkace wadda ta tashi daga kusurwar ƙasa ta wajen hinji zuwa kusurwar sama ta wajen sakata. Idan aka juya ta, ƙyauren zai sunkuya ya riƙa jan ƙasa.

Kulawa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka zagaya shingenka sau biyu a shekara, a Afrilu da kuma Oktoba. Ka girgiza kowace dirka, ka tone ƙasar gindinta kamar santimita 10 ka soka wuƙa. Idan ta shige da sauƙi, ruɓa ta kama. Ka kankare rufin gara duk inda ka gan shi, ka sake shafa magani, ka ƙara daɓe ƙasa. Ka nome ciyawa mita guda ta kowane gefe kafin hunturu. Kada ka jingina kara ko itacen girki ko tulin taki a jikin shinge, kada ka ɗaure dabba a dirkarsa, kada kuma kwatar gida ta bi ta gindinsa.

Shinge mai rai da noman dirka

Duk ƙarkon itace, wata rana zai gaji. Manomi mai hangen nesa yakan yi amfani da shekarun da shingen katako ke tsaye ya raini shinge mai rai a cikinsa. Dashi da aguwa da bini-da-zugu ana dasa rassansu ne a ƙarshen rani, kafin ruwa ya sauka, domin idan aka dasa su cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa suke yi. Ka kiyaye yara daga 'ya'yan bini-da-zugu, guba ne, ka kuma kiyaye ido daga ruwan aguwa. Bagaruwa da magarya da lalle ana renon su a leda, a dasa a Yuli idan damina ta kankama, layi biyu a saɓe, tazarar rabin mita. Ka riƙa datse kansu domin su yi rassa tun daga ƙasa.

Haka nan ka tanadi dirkokin gobe a gonarka. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar CARE da manoma sun fara dasa layukan dogon yaro a 1975 domin tare iska, daga baya kuma layukan suka zama wurin samun sanduna da itacen girki. A yankin Maraɗi, tun daga 1983, Tony Rinaudo da manoman yankin suka yaɗa dabarar barin tohon kututture a gona: a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a rena, a datse sauran. Wannan dabara ba ta bukatar kuɗi, kuma ta dace da gonakin kudancin Yobe. Jihar tana cikin jihohi 11 da hukumar Babbar Ganuwar Bishiyoyi, wadda aka kafa a 2015, ke aiki a cikinsu, don haka ka tuntuɓi jami'an gandun daji kan inda za ka sami dashe. Dogon yaro goma a gefen gona sun isa su riƙa ba gida ɗaya sandunan gyara.

Jan hankali ga malaman gona

Manomi ya fi gaskata abin da idonsa ya gani. Ka kafa dirka huɗu na itace iri ɗaya a wurin da jama'a ke taruwa: ɗaya da ɓawonta, ɗaya ɓararriya busasshiya, ɗaya da aka shafa wa magani, ɗaya da aka jiƙa. Bayan damina biyu ka tara manoma a tone su tare. Ka kuma ƙarfafa musu gwiwa su haɗa kuɗi su sayi durom da magani a ƙungiyance, domin jiƙo ɗaya yana isar gidaje da dama. Ka fara wannan faɗakarwa tun watan Oktoba, saboda wanda bai sari itacensa a kaka ba, ɗanye zai kafa a bazara.

Kammalawa

Ka zaɓi itace mai zuciya, ka ɓare shi, ka busar da shi a inuwa, ka jiƙa gindinsa da magani mai rajista, ka zurfafa rami ka daɓe da kyau, ka kuma hana abin rufi taɓa ƙasa. Aikin ya fi na dangar da aka saba wahala a shekarar farko, amma zai hutar da kai daga sayen sanduna kowace bazara, ya tsare lambunka da dashenka, ya kuma rage saran daji. Domin ƙarin bayani, ka tuntuɓi malamin gona na yankinka ko ofishin shirin bunƙasa aikin gona na Jihar Yobe mafi kusa da kai.